Yadda Aka Warkar Mini da Ɗaliba

Jami'ar da nake koyarwa ta coci ce, tana can gefen Maiduguri, daidai inda masu keke ke fara ƙorafin cewa sun yi nisa da gari. Da can makarantar horar da masu wa'azi ce. Da dattawanmu suka ga fili ya yi yawa, suka kuma ga kowace ɗariƙa ta buɗe tata jami'ar, sai suka sake wa azuzuwan fenti, suka canja allon bakin ƙofa, muka wayi gari da tamu.

An ɗauke ni in koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, wato yadda ake karantar da kurame da makafi da yaran da karatu ke yi wa nauyi. Ranar da aka yi mini tambayoyin ɗaukar aiki, shugaban jami'a ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, wannan fanni naki yana da kyau ƙwarai. Tausayi ne zalla."

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, fanni ne kamar kowane, yana da ƙa'idojinsa da hanyoyin koyarwarsa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Abin da na faɗa ke nan. Tausayi."

Mu biyu ne a sashen, ni da shugaban sashe. Shi aikin gona ya karanta, amma jami'a ba ta da sashen gona, kuma ba a so a bar shi zaune tunda ƙanin wani dattijon coci ne. Mutumin kirki ne. Yakan bar mini komai ya zagaya bayan ofis ya duba kuɓewarsa da yakuwarsa, in ya dawo ya sa hannu a duk abin da na ajiye masa.

Kalmar nan "musamman" ta jawo mini baƙi iri-iri. An turo mini ɗalibin da ke barci a aji, an turo mini mai in'ina, an turo mini bahago. Matar ma'aji ta taɓa kawo mini ɗanta don ba ya cin wake. Ɗalibaina kuwa yawancinsu aikin jinya ko lissafin kuɗi suka nema ba su samu ba, aka ce musu akwai gurbi a wajena. Ina koya musu maganar hannu suna yi wa junansu dariya. In muka zo darasin jagorantar makaho, sai su ɗaure wa juna ido da kallabi su zagaya harabar, kuma kowace shekara sai wani ya faɗa kwatar bayan ɗakin karatu. Haka muka yi shekaru muna koyar da yadda ake zama da kurame, babu kurma ko ɗaya a jami'ar.

Sai ga wata ɗaliba kurma a farkon wani zangon karatu, mahaifiyarta na biye da ita riƙe da takardunta a leda. Doguwa ce mai wushirya, ta girmi sauran ɗalibai, idanunta ba sa barin fuskar mai magana. 'Yan kudancin Borno ne kamar ni, suna zaune a Jiddari Polo. Sanƙarau ne ya kama ta tana firamare, ta tashi daga ciwon babu ji. Ta yi makarantar kurame har ta gama sakandare, sannan ta yi shekaru tana ɗinki a shagon wata Hajiya 'yar Kanuri a Hausari. Yanzu tana so ta samu digiri ta koma ta koyar a makarantar da ta fito.

Jami'a ta yi murna da ita sosai. An ɗauke ta hoto da shugaba, an ɗauke ta da magatakarda, an ɗauke ta ita kaɗai riƙe da littafi. Da aka gama hotuna sai wani ya tambaya yadda za ta ji lacca. Kowa ya juyo ya dube ni. Daga ranar na zama tafintarta a kan aikina na koyarwa. Ina bin ta azuzuwa, in tsaya gefen malami in mayar da abin da yake faɗa zuwa hannu. Duk maganarta da zan kawo a nan da hannu ta yi ta, sai inda na ce da baki.

Ba mu daɗe ba muka saba. Tana da barkwanci fiye da yadda fuskarta ke nunawa. Kurame sukan raɗa wa kowa suna na hannu, ita ma ta raɗa wa manyanmu. Shugaba shi ne a cire tabarau a goge. Magatakarda shi ne a buga hatimi a tafin hannu. Ni kuwa fifita ce, don kullum ina kukan zafi.

Kowace safiyar Laraba akwai sujada, dole ce ga duk ɗalibi Kirista. Ɗalibanmu Musulmi, 'yan Fezzan da Hausari da sauran unguwanni, sukan zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro su yi bitar karatu, mu kuwa mu cika majami'a. Nan ma ni ce tafinta. Nakan tsaya gefen bagadi, can gaban majami'a, ita tana layin gaba. In magatakarda ya hau yana sanarwa a kan matsattsun kaya da dogon ɗan kunne, sai ta yi mini alama, "Taƙaita." Ni kuma in ce mata, "Har yanzu yana kan ɗan kunne." Mutane na ganin hannuwana na motsi suna sha'awar himmata.

Akwai abu ɗaya da ni kaɗai na sani a jami'ar: tana iya magana. Ta riga ta iya kafin ciwon ya same ta, kuma bakinta bai manta ba. Sai dai tunda ba ta jin kanta, muryar takan fito da ƙarfi, a miƙe, babu hawa babu sauka. Yara sun yi ta kwaikwayonta a unguwa har ta daina. A gida kawai take yi, da mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa koyon maganar hannu ba. Na taɓa tambayar uwar dalili, ta ce, "Malama, in na koya kamar na cire rai ke nan."

A shekararta ta biyu aka yi makon falkaswa, wato taron wa'azi da addu'a don farfaɗo da bangaskiya, cikin tsakiyar bazara. An gayyato wani mai wa'azi daga nesa, ya zo da fararen kwat da lasifikokinsa da masu kiɗansa. Ni mai bi ce, kuma na ji wa'azi mai kyau a rayuwata. Wannan bawan Allah dai ya fi ƙarfi a murya. Ranar da abin ya faru an daɗe a majami'a, rana ta take, lokacin abincin rana na neman wucewa, fankoki na juya iska mai zafi, ni kuwa kafaɗuna sun yi tsami. Yana cikin kai da kawowa a dandamali sai ya tsaya ya nuna ni.

"Wannan matar me take kora tun ɗazu?"

Shugaba ya miƙe ya yi masa bayani a kunne. Na ga fuskar mai wa'azin ta haskaka kamar wanda aka kawo wa abinci. Ya ce a kawo masa ɗalibar.

Na ce mata, "Yana kiranki."

Ta ce, "Me zan yi masa?"

"Zai buɗe miki kunne."

Ta ɗan rufe ido. "Kuma dai?"

Ba shi ne na farko ba. An kai ta taron addu'a a wurare da yawa tun tana yarinya. Har Hajiyar shagon ɗinki, don ƙauna, ta taɓa karɓo mata rubutu ta sha. Ta ce mini duka ta karɓa da godiya, don duk wanda ya kai ta yana son ta ne. Ta tashi ta gyara zaninta ta hau, ni ma na bi ta na tsaya inda za ta gan ni.

Ya shafa mata mai a kunnuwa, ya sa yatsunsa a ciki, ya fara umurtar kurumta ta fita. Ina fassarawa. Ya ce ta fita, na ce da hannu ta fita. Ya ƙara murya, ni kuma na ƙara faɗin hannu, don ban san wata hanyar fassara ihu ba. Aka daɗe ana haka. Man yana gangarowa wuyan rigarta. Jama'a sun miƙe suna addu'a da ƙarfi. Can ya cire yatsunsa, ya kawo fuskarsa dab da tata, ya kara mata makirufo a baki ya ce, "Ce amin."

Ba ta buƙaci ni ba, ta karanta a leɓɓansa. Ta dube ni ta yi alama ƙasa-ƙasa kusa da cinyarta, "In na faɗa zai sake ni?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta juya ta ce da baki, "Amin."

Lasifikokin da ya zo da su masu kyau ne. Kalmar ta cika majami'ar har ta kai wa na ƙarƙashin dogon yaro. Sai wuri ya kece. Mata na guɗa, masu kiɗa suka hau ganga, wasu na kuka, shugaba ya cire tabarau yana gogewa. Mai wa'azin ya zagaya bayanta don ya gwada jinta, ya tafa hannu yana buga ƙafa. Dandamalin na katako ne, ta ji girgizar a tafin ƙafarta, ga kuma dukan majami'a na kallon bayanta, sai ta waiwaya. Daga nan babu wanda zai iya tsayar da abin.

Na matsa kusa da shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, dama tana iya magana." Bai ji ni ba saboda ganga. Na sake faɗa da ƙarfi. Shugaban sashenmu ya jawo hannun rigata ya ce, "Malama, ki bari a sauko tukuna. Yanzu ba lokacin shuka ba ne."

Ba a sake ta ba sai da aka zagaya da ita majami'a. Ta rasa abincin rana dai duk da haka.

Washegari duk wanda ya gan ta sai ya gaishe ta da baki, daga nesa, daga baya, daga cikin mota. Da ba ta amsa ba aka fara cewa tunda ta samu albarka ta fara girman kai. Kafin mako ya ƙare an rataya babban kyalle a bakin ƙofar jami'a da hotonta, wanda aka ɗauka tana riƙe da littafi, an rubuta cewa a nan kurame ke ji. Sannan takarda ta zo mini daga ofishin magatakarda. An gode mini da hidimar da na yi ta tafinta, an sanar da ni cewa tunda buƙatar ta kau, in koma ga aikina na asali. An kuma mayar da ita daga kujerar gaba zuwa inda harafin sunanta ya faɗa, can kusa da taga.

Wannan duka za mu iya yi masa dariya ni da ita, kuma mun yi. Abin da ba mu yi wa dariya ba shi ne na gida. Labari ya riga ta isa Jiddari Polo. Matan zumunta suka je wa mahaifiyarta da waƙa tana wajen aiki. Ta baro abin da take yi ta hau keke ta dawo. Ta tarar da 'yar tana wanki a tsakar gida, ta ba ƙofa baya. Sai uwar ta tsaya daga bakin ƙofa ta kira sunanta a hankali. Ta sake kira. Ta kira da ƙarfi. 'Yar na ta cuɗa kaya. Sai da ta tashi za ta zubar da ruwa ta ga mahaifiyarta zaune a ƙasa a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ita ce ta ba ni labarin a ofishina, hannuwanta na tafiya a hankali. Ta ce, "Kalma ɗaya na faɗa don a bar ni in sauka. Ban yi tunanin Mama ba."

Ranar na je wajen magatakarda. Mutum ne gajere mai son tsari, yana magana kamar yana karanta takarda. Na ce masa ɗalibar ba ta ji, kuma jarrabawa na matsowa.

Ya ce, "Malama, kina nufin ba a yi mu'ujiza ba?"

"Ina nufin ba ta ji, ranka ya daɗe."

"Muna wurin. Kina wurin. An ɗauka a waya, ya zagaya gari. Kina so jami'a ta fito ta ce me?"

"Ba sai ta ce komai ba. A bar ni in koma aji da ita."

"In an gan ki kina yi mata hannu, ai jami'a ta ce wani abu ke nan."

Na roƙe shi ya shiga aji ɗaya ya gani da idonsa. Ya ce wannan ba hurumin mutum ɗaya ba ne, za a kafa kwamiti. Kafin kwamitin ya zauna, muka koma yin karatu a ɓoye. Wata ƙawarta 'yar Fezzan takan rubuta mata abin da aka faɗa a aji, da yamma in rufe ƙofar ofis in yi mata bayani da hannu, kamar masu sayar da kayan sata. Shugaban sashe yakan zauna a waje a kan benci, in ya ga wani babba na zuwa ya fara tari.

An sa wa kwamitin suna Kwamitin Bin Diddigin Albarka. Magatakarda ne shugabansa, da shugaban sashenmu, da limamin jami'a, wani tsohon rabaran da kowa ke kira Baba. Baba ya yi aikin coci a ƙauyuka tun kafin a haife ni. Ba ya yawan magana a taro, yakan dai karkata kai gefe ɗaya yana murmushi.

Na kawo shawarar a kai ta asibiti a auna jinta. Magatakarda ya ce auna aikin Ubangiji da na'ura bai dace da jami'a irin tamu ba. Shi da kansa zai gwada. Aka zaunar da ita a kujera, ya zagaya bayanta ya saki farantin silba a kan siminti. Ni da shugaban sashe muka zabura. Ita ba ta motsa ba. Baba ma bai motsa ba.

Magatakarda ya ɗauki farantin ya dudduba shi. Ya ce mai yiwuwa sabo ne, wanda ya yi shekaru ba ya ji ba zai saba da ji a mako biyu ba. Ya ce a rubuta cewa gwajin bai nuna komai ba. Sannan ya ce abin da ya fi shi ne a tambaye ta kai tsaye. Ya koma gabanta ya ce, "Kina buƙatar tafinta?"

Yana da gashin baki mai kauri da ke rufe leɓɓansa, ba ta iya karanta komai a wurin. Ta dube shi, ta dube ni. Ya maimaita da ƙarfi. Ta sake dubana. Ya share gumi ya ce, "Malama, ki tambaye ta ko tana buƙatar tafinta."

Na tambaye ta da hannu. Ta dube ni, na ga tana danne dariya. Ta ce, "Ki ce masa zan yi tunani."

Ban fassara wannan ba. Na ce mata ta yi haƙuri ta amsa. Sai ta miƙe tsaye, ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban baƙi ba. Ta buɗe baki ta yi magana da muryar nan tata mai ƙarfi, kalma bayan kalma.

"Ba na ji. Tun ina ƙarama nake magana. Ciwo ya ɗauke kunne, bai ɗauke baki ba. Ranar nan na gaji ne. Ina so in yi karatu."

Ta koma ta zauna.

Magatakarda ya juya wajen sauran ya ce, "Kun ji ko? Ga magana nan tar. Ranar falkaswa kalma ɗaya ce, yau ga jimloli. Ai ci gaba ake samu."

Na buɗe baki zan yi magana, kuma na san abin da zan faɗa zai iya raba ni da aikina. Sai Baba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "'Yata, zauna." Ya juya wajen magatakarda. "Me yarinyar ta ce? Ban kama duka ba."

Magatakarda ya maimaita masa. Baba ya ce ya ƙara murya, ya ƙara. Baba ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ranar nan ina zaune a dandamali, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Duk addu'ar da aka yi a kunnenta ta wuce ta gefen nawa. Na sa rai ko zan samu ragowa. Ga ni nan yadda nake. Ban ce Ubangiji ba ya warkarwa ba, na ga ya yi a rayuwata. Amma ban taɓa ganin ya warkar da mutum sannan mutumin ya zama shi kaɗai ne bai sani ba."

Magatakarda ya ce, "To Baba, kyallen bakin ƙofa fa? Da abin da shugaba ya faɗa a gaban dattawa?"

Baba ya murza haɓa. Ya san mutanensa. Ya san babu wanda zai hau tsani ya sauke kyallen nan. Can ya ce, "Rubuta haka. Kwamiti ya gano cewa an fara aikin warkarwa, ba a kammala ba. Kafin a kammala, a mayar mata da tafinta na wucin gadi."

Fuskar magatakarda ta saki. Ya rubuta, ya karanta, ya ce a ƙara cewa za a riƙa duba ci gaban aikin kowane zango. Baba ya ce shi zai riƙa dubawa. Shugaban sashenmu, wanda bai ce uffan ba tun da aka zauna, ya ce ya goyi baya.

Da muka fito na fassara mata hukuncin. Ta ce, "Wato rabina ya warke?"

Na ce, "A takarda."

Ta ce, "Wane rabin?"

Haka na koma aji da ita a matsayin tafinta na wucin gadi, kuma a haka muka ƙare shekarun da suka rage. Farkon kowane zango mukan je ofishin Baba. Yakan sa a kawo mana zoɓo mai sanyi, ya tambaye ta ta bakina ko an samu canji. Ta ce babu. Ya ce shi ma babu. Ya rubuta cewa ana ci gaba da addu'a, ya buga hatimi. Daga baya ya fara tambayarta yadda ake cewa wasu abubuwa da hannu, na gode, ina zuwa, ƙara faɗa. Ya ce matarsa ta gaji da ɗaga murya.

Kyallen kuwa ya yi aikin da ba a rataya shi don shi ba. Mutane suka fara zuwa bakin ƙofa da 'ya'yansu kurame, Kirista da Musulmi, wasu daga cikin gari, wasu daga sansanonin gudun hijira, suna tambayar inda ake buɗe kunne. Masu gadi ba su san abin da za su ce musu ba, sai su nuna musu ofishina. Na sha zama da uwa ko uba ina bayani da Hausa, wani ɗalibi na mayarwa Kanuri, cewa ba mu da maganin kurumta, amma yaron zai iya karatu, ga makarantar da za a kai shi. Wasu sukan tashi cikin fushi su ce an yaudare su, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu sukan tsaya su kalli ɗalibata tana wasa da yaron da hannu, yaron da aka ce ba ya fahimtar komai yana ƙyalƙyala dariya.

Ita ce ta ce mu riƙa tara su ranar Asabar a ƙarƙashin dogon yaro, yaran da iyayensu. Na sa ɗalibaina su riƙa zuwa a matsayin aikin gwaji. A nan ne da yawansu suka fara ganin cewa hannun da suke yi wa dariya a aji magana ce ta gaske, don yaro ɗan shekara biyar yakan gyara musu kuskure ba tare da jin kunya ba. Shugaba ya zo sau ɗaya da baƙi, ya nuna mu daga nesa ya ce wannan 'ya'yan falkaswa ne.

Wata Asabar na hango mahaifiyarta a ƙarshen tabarma, zaune tsakanin wasu mata biyu 'yan Shuwa, jakarta a cinya. Ban yi mata magana ba, ita ma ba ta dube ni ba. Yatsunta sun yi tauri, ruwa da abinci kawai ta iya kamawa a ranar. Ta ci gaba da zuwa. Daga baya 'yar ta kawo mini ƙara cewa yanzu Mama na yi mata faɗa daga wancan gefen titi, kuma babu halin ta ce ba ta ji ba.

Baba ya yi ritaya a shekararta ta ƙarshe. Wanda ya gaje shi matashi ne mai zafin aiki. Ya buɗe fayil ya ga akwai warkarwar da aka fara shekaru biyu da suka wuce ba a kammala ba, ya ce wannan sakaci ne. Ya sa rana a falkaswa mai zuwa, ya aiko mini in shirya ta da azumi. Na amsa masa cewa ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, ta kwashe kayanta, sai dai ya nemi izini a makarantar kurame inda ta fara koyarwa. Bai nema ba.

Yanzu muna da ɗalibai kurame guda huɗu a sashen, da makaho ɗaya mai son gardama. Na roƙa a ɗauki tafinta na gaske, an ce ana dubawa. In makon falkaswa ya zo nakan shirya musu ziyarar aiki zuwa wajen gari, shugaban sashe ya sa hannu. Sau ɗaya ya tambaye ni me ya sa ziyarar kullum take faɗawa a wannan makon. Na ce masa lokacin ne motar jami'a ba ta da aiki. Ya ce haka ne, ya ba ni kuɓewa a leda in kai gida.